Wurin Da Gangar Ta Yi Shiru

Idan mutum ya tuba daga wani abu, ya mutu, sai kuma wannan abin ya ci gaba da jawo masa addu'ar dubban mutane, me ke isa kabarinsa? Zunubin ne ko addu'ar? Na tambayi malamar da ke mana karatu ranar Asabar, ta ce Allah ne masani, ta juya shafi. Ku ma da kuke karanta wannan ban sa ran kuna da amsa ba. So nake kawai ku san cewa a kan wannan tambayar aurena yake rataye.

Sunana Haulat Dikko, shekarata ashirin da huɗu, ni ce auta a wurin Ummata. Ina aiki a wani shagon turare a unguwar Mushairib, cikin birnin Doha. Muna zaune a Umm Salal, can bayan gari, a ɗakuna biyu da ke bayan gonar dabinon kafil ɗin mahaifina, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki. Shekara goma sha tara Abba ya yi yana tuƙa mutanen gidan, Umma kuma tana yi musu girki har gobe. Yau watansa takwas da rasuwa.

Abban da na sani mutum ne mai farar jallabiya da carbi, wanda zai wuni bai yi magana goma ba. Yana da wasu halaye da muka saba da su har muka daina gani. Ba ya rufe ido a gaban mutane, ko da addu'a ake yi. Yana cikin magana sai ya tsaya ya waiga bayansa, kamar an kira sunansa, alhali bango ne kawai a wurin. Idan yana tuƙi, wani lokaci yatsunsa kan fara bugun sitiyari su kaɗai, sai ya fizge hannun kamar ya taɓa garwashi. Ranar da ya cika a asibiti ina tsaye a bakin gadon. Sau uku ƙaninsa, Baffa Sunusi, yana shafa masa ido kafin su yarda su rufu.

Na san an ce ya yi waƙa a ƙuruciya. Na ɗauka irin ta gidan biki ce. Ranar sadakar uku sai ga motocin bas biyu daga wajen Asian Town, unguwar 'yan ci-rani, cike da mutanen da ba mu sani ba, wasu ma da yunifom ɗin gadi a jikinsu. 'Yan Kano, 'yan Jos, 'yan Zangon Kumasi. Wani dattijo ya durƙusa a kan tabarma yana kuka kamar yaro, yana cewa, "Tsawa ta kwanta." A ranar na ji cewa mahaifina shi ne Dikko Tsawa, wanda ya yi shekara goma sha biyu yana girgiza Jos da jitar lantarki, da gashi har kafaɗa da rigar fata, yana kiɗan rok da Hausa, yana rera baitocin da shi ya rubuta da hannunsa. Wai har yau masu gadi a Doha da waƙoƙinsa suke cinye awa goma sha biyu na duti.

Kun san yadda ake yi idan mawaƙi ya rasu a wurinmu. Baffa ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "Don girman Allah, duk mai waƙar Yaya a wayarsa ya goge. Bawan Allahn nan ya tuba tun kafin a haifi wasunku. Kada ku riƙa aika masa da wuta yana kwance." Mutane suka ciro wayoyi, nan take wasu suka goge suna share hawaye. Ta bayan labule na ga wani dogo baƙi, mai tabo a gira, ya kalli wayarsa ya mayar da ita aljihu.

Da yamma Umma ta riƙe hannuna biyu ta ce, "Auta, ki yi mini alkawari. Ko ɗaya ba za ki saurara ba." Na yi mata. Ita ma ta ce har ta koma ga Allah kunnenta ba zai sake ji ba.

Wannan dogon mai tabo a gira shi ne Muttaka.

Ashe gadi yake yi a wani ginin ofisoshi, layi biyu daga shagonmu. Ya fara zuwa duk Alhamis yana sayen 'yar ƙaramar kwalbar miski, wai ta gwaggonsa ce. A mako na biyar Basiratu, 'yar Ghana da muke aiki tare, ta dube shi sama da ƙasa ta ce da irin bakinsu na Ghana, "Masa, wannan gwaggo taka hanci nawa gare ta?" Ya yi dariya har ya dafa kanta. Ni kuwa, ku yi mini uzuri, tun daga ranar na fara goge abayata sau biyu kafin in fita, ina zaɓar mayafi ruwan toka saboda ya taɓa cewa yana yi mini kyau.

Ba mai surutu ba ne. Yana karatu da yawa, littattafan da ake zubarwa a ofisoshin ginin yake tsinta. Idan ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya yi tunani kafin ya amsa. Ya je ya gai da Baffa, wanda shi ne waliyyina, aka yi masa bincike aka yaba, har an fara maganar ya sa magabatansa a Bauchi su je gidanmu na Jos.

Sai ranar Litinin ɗin nan Baffa ya shigo mana ko zama bai yi ba. Wani a cikin direbobi ya nuna masa wani shafi a intanet mai suna Taskar Tsawa. Waƙa talatin da ɗaya. Muttaka ne ya buɗe shi, shekara huɗu da suka wuce, daga kasa-kasai na mahaifinsa.

"A gabana ya mayar da wayar aljihu," in ji Baffa, jijiyar wuyansa a tashe. "Ashe shi ne rijiyar da kowa ke ɗiba. Na ba shi zuwa Juma'a. Ya zo nan ya goge a gaban idona, ko kuma khalas, magana ta ƙare, kada ya turo kowa. Ba zan ba da 'yar Yaya ga mai hura wa Yaya wuta ba."

Umma tana zaune a gefe. Tsinken da take sakace da shi ne ya karye a hannunta.

Na shiga ɗaki na ɗauki waya na rubuta wa Muttaka.

"Da gaske ne?"

"Da gaske ne."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Tsoro. Kin ci abinci?"

"Kar ka yi mini maganar abinci. Za ka goge?"

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake, ya tsaya. Daga ƙarshe: "Mu haɗu gobe lokacin hutunki."

Washegari a jirgin Metro wani abu ya same ni. Jiragen nan ba su da direba, su kaɗai suke tafiya, su tsaya, su buɗe ƙofa. Na daɗe da sabawa. Ina zaune a ɓangaren iyali, mun shiga ƙarƙashin ƙasa, sai na ji ƙarar jita siririya tana fitowa daga wayar wani a ɓangaren maza. Sannan murya. Ta fi wadda na sani ƙuruciya, ta fi ta kaushi, amma yadda take jan numfashi kafin kalma, haka Abba yake yi kafin ya ta da iƙama.

Inuwata ta riga ni gida,
ta shimfiɗa tabarmata ta zauna.

Na toshe kunnuwana da yatsu ta cikin mayafi. A gilashin tagar, cikin duhun ramin, na ga fuskata tana kallona da idanun Abba, a buɗe tar. Ban san lokacin da na waiga bayana ba. Babu kowa, kujera ce da ba kowa a kai. Har muka isa Mushairib gashin jikina bai kwanta ba.

Ƙarfe ɗaya na rana na same shi a inuwar wani gini. A irin wannan lokacin na bazara titunan Mushairib fayau suke, farare ƙal, ko tsuntsu babu, sai gurnanin na'urorin sanyi. Yana cikin yunifom, baƙin wando da riga ruwan sararin sama, hular a hannunsa.

"Ranki ya daɗe."

"Ba wasa ya kawo ni ba, Muttaka."

"Na sani."

"To ka goge. Minti biyu ne. Sai ka zo ka aure ni, ka huta da sayen miskin gwaggo."

Bai yi dariya ba. Ya buɗe shafin ya miƙo mini wayar. "Ba sauraro na ce ki yi ba. Karanta abin da ke ƙasa."

Na karanta. Allah ya jiƙan Dikko. Allah ya sa kabarinsa dausayin Aljanna. Wani daga Jidda ya ce ya yi masa ɗawafi. Wata daga Accra ta ce ta sauke masa Alƙur'ani. Na yi ta ja da yatsa, abin ba ya ƙarewa.

"Ranar da na goge," in ji shi, "wannan ma ta tsaya. Wa zai tuna da wani direba a Umm Salal? Ke da Umma da Baffa. Mutum uku."

"Shi ya ce a tuna da shi ta nan? Da hannunsa ya ƙona kasa-kasansa, Baffa ya gaya mini."

"Ya ƙona nasa. Bai ƙona abin da ya riga ya shiga cikin mutane ba."

A ƙarƙashin waƙar ƙarshe akwai lambar da ke nuna sau nawa aka saurara. Ina riƙe da wayar, ban taɓa komai ba, lambar ta motsa da kanta. Ta ƙaru da ɗaya. Wani, a wani wuri, ya ta da mahaifina a daidai wannan lokacin. Na mayar masa da wayar da sauri.

Ya sunkuyar da kai yana juya hular. "Ban taɓa gaya wa kowa ba. Shekarata ta farko a nan, wani gini da ba a gama ba aka ba ni, hawa ashirin da biyu, ni kaɗai a sama. Mahaifiyata ta rasu, ban samu damar zuwa ba, a waya na ga makararta. Wata rana da azahar na je bakin rufin na tsaya. Ba iska na je sha ba, Haulat. Iyafis na kunnena, wannan waƙar ta ƙarshe ce ke ciki. A tsakiyarta akwai wurin da ganga take tsayawa cak, jitoci su yi shiru, komai ya mutu, sai muryarsa ita kaɗai tana cewa, 'Ku bar mini fitila a ƙofa, ban gama zuwa ba.' Na ja baya na zauna a kan siminti na yi kuka har la'asar. Wannan shirun ne ya sauko da ni. Babu mawaƙin da ya taɓa tsara abu irinsa. Ki ce in yanke yatsana, zan yanke. Wannan ba zan iya ba."

"Ko da za ka rasa ni?"

Kamar kullum, sai da ya yi tunani. Wallahi da ya amsa da sauri da ya fi mini sauƙi.

"Ko da zan rasa ki."

Na koma shago na fasa kwalbar turaren oud a gaban wata Balarabiya. Basiratu ta ce, "Yalla, je bayi ki yi kukanki ki dawo, ni zan share."

Laraba ce ranar hutuna. Bayan la'asar na sami Umma a bayan ɗaki tana tankaɗen kuka, ɗaure da zanen atamfarta mai ganyen da ya koɗe. Injin ban ruwan gonar yana ta gurnani, dabinai a tsaye ko motsi. Na zauna a kan bokiti na gaya mata duk abin da Muttaka ya ce, har maganar rufin. Ina tsammanin za ta tausaya. Da na zo wurin shirun, sai rariyar ta tsaya a hannunta.

"Ya ce tsarawa aka yi?"

"Haka ya ce."

Ta daɗe tana kallon garin kukar. "Kin san ina da wa, Alidu."

"Wanda ya rasu kafin a haife ni."

"Shi ne mai gangar Abbanki. Tare suka tashi, shi ya kawo shi gidanmu. Idan Yaya Alidu ya zauna a bayan gangunan nan, har a haƙori kike jin su. Ina amarya, wata bakwai da biki, aka yi wasa a wani fili a Jos, cikin damina. An yi ruwa da rana, dandamalin katako ne a jiƙe, wayoyin wuta ko'ina. Ina daga gefe tare da matan sauran makaɗan. Wannan waƙar sabuwa ce, ranar aka fara yin ta, wani ya jona rikoda yana ɗauka."

Ta goge hannunta a zane, ko da yake babu abin da ke jiki.

"Wayar fitila ce ta tsinko ta faɗo a kan kujerarsa. Kujerar ta ƙarfe ce. Bai yi ihu ba, Auta. Sandunan ne kawai suka faɗi. Masu jita suka yar da kayansu suka yi kansa, suka rasa ta inda za su taɓa shi. Abbanki yana gaba, ya ba su baya, idonsa a rufe. Haka yake yi idan waƙa ta ɗauke shi. Ya ji kiɗa ya tsaya, ya ɗauka Alidu ne ya yi masa gwaninta, ya bar masa fili. Sai ya ci gaba. Baiti guda cur ya rera, jama'a na tafi, ɗan'uwana yana mutuwa taku huɗu a bayansa. Ina ta kiran sunansa, lasifika ta danne ni."

Injin ruwan ya mutu a daidai lokacin, kamar yadda yake yi kullum idan tanki ya cika. Shirun da ya biyo baya sai da ya sa na kama gefen bokitin.

"Da ya buɗe ido ya waiga," in ji Umma, "bai sake rufe su a gaban mutum ba. Bai sake taɓa jita ba. Ba wa'azin kowa ne ya sa shi tuba ba. Shekara ashirin da bakwai ina kwana kusa da mutumin da ke jin wannan shirun. Wanda ya ɗauka a rikoda kuwa ya buga ya sayar, mutane suka ce ba a taɓa waƙa irinta ba."

"Baffa ya sani?"

"Sunusi yana makaranta a Zariya lokacin. Ya san an yi haɗari, bai san yana cikin kaset ba. Shi zunubi yake gudar wa ɗan'uwansa, kuma da gaskiyarsa. Ni kuwa duk wanda ya kunna, kashe mini Yaya yake sake yi." Ta ɗauki rariyar. "Ko hotonsa ba ni da shi. Na gidanmu sun ƙone a rikici. Wani lokaci ina neman fuskarsa a raina, sai in ga ta ƙi zuwa."

Na shiga ɗaki na yi wa Muttaka saƙon murya, minti shida, na gaya masa abin da Umma ta ce. Ban ƙara gishiri ba, ban roƙe shi komai ba. Na ga alamar ya saurara. Bai amsa ba. Alhamis ma shiru, bai zo shago ba. Basiratu ta ce, "Gwaggo ta mutu ke nan?" ta ga fuskata, ta kama bakinta. Sau biyu ina buɗe shafin ba tare da na kunna komai ba. Lambar tana nan tana hawa.

Ku gaya mini, na kyauta? Mutum yana da abu ɗaya da ya riƙe shi a duniya, na je na nuna masa abin da ke cikinsa. Har yanzu ban sani ba ko don gaskiya na yi, ko don in same shi.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baffa ya zo da babbar rigarsa ruwan ƙasa, ya zauna a kujera ɗaya tilo da ke falonmu, wadda Abba ke zama. Umma ta turara ɗakin, ta sa hijabinta fari har ƙasa, ta zauna a kan darduma ta jingina da bango. Ni na sa doguwar riga baƙa marar ado, ko kwalli ban sa ba. Na ajiye shayi da dabino, babu wanda ya taɓa.

"Ƙarfe biyu na ce masa," in ji Baffa yana duba agogo. "Yaran yanzu. A ba su zinariya, su zaɓi ganga."

Biyu saura minti uku aka yi sallama. Farar shadda ce a jikinsa, ba guga, idanunsa sun faɗa kamar wanda ya yi jinya. Ya durƙusa har ƙasa.

"Baffa, ina wuni. Umma, ina wuni."

"Lafiya, Malam Muttaka. Ka zo da amsa ko da wa'azi? Don an ce kai mai karatu ne."

"Da waya na zo, Baffa."

Ya matsa kusa da kujerar yadda Baffa zai ga fuskar wayar. Bai kalle ni ba. Ya fara daga ta farko. Kowace sai wayar ta tambaye shi ko ya tabbata, shi kuma ya danna. Baffa yana ƙirgawa a carbi, yana cewa "Alhamdulillahi" a hankali. Goma. Ashirin. Sau ɗaya Muttaka ya kuskure ya sake. Ina tsaye a bakin ƙofar ɗaki ina kallon waƙoƙin mahaifina suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, tare da dubban addu'o'in da ke ƙarƙashinsu, ni da ban taɓa jin ko ɗaya har ƙarshe ba.

"Talatin," in ji Baffa. Muryarsa ta yi laushi. "Saura ɗaya, ɗana. Ka gama, yau ɗin nan in kira Jos in ce su shirya tarbar mutanenka."

Muttaka ya juya wajen Umma, har yanzu a durƙushe.

"Umma, ki yafe mini. Na saurari wurin nan ya fi sau dubu. Ina jin daɗinsa. Har tura wa mutane nake ina cewa su ji gwaninta. Ban san mutum ne ba."

Baffa ya dube shi, ya dubi Umma. "Wane mutum? Me yake faɗa, matar Yaya?"

Umma ta ɗago daga jikin bango. Idonta na kan wayar.

"Kasa-kasan mahaifinka fa?" ta tambayi Muttaka.

"Sun lalace tuntuni, Umma. Na wayoyin mutane kuma yankakku ne, yawanci daga wurin shirun suke farawa, don shi ake so. Cikakkiyar, wadda ta faro daga farkon kiɗa, wannan ce kaɗai na sani."

"Gangar tana fita sosai?"

"Kamar mutum yana ɗakin."

"To, Bismillah," in ji Baffa. "Danna mu tashi."

Muttaka ya ɗaga yatsa. Wayar ta tambaye shi ko ya tabbata.

"Dakata," in ji Umma.

Ta miƙo hannu daga cikin hijabi. Muttaka ya kalli Baffa, ya kalle ni, sannan ya ɗora mata wayar a tafin hannu da hannunsa biyu.

"Haba matar Yaya! Ke da bakinki kika ce..."

"Na san abin da na ce, Sunusi. Idan zunubi ne, wannan a rubuta a kaina, kada a kai masa." Ta dubi Muttaka. "Ina abin kunnen naka?"

Ya ciro iyafis daga aljihu ya jona. Umma ta ɗage gefen hijabinta ta sa ɗaya, ta sa ɗayan. Ba ta san inda ake dannawa ba, sai ni na durƙusa na danna mata.

Mu ba ma jin komai sai wani ɗan tsit-tsit da ke fitowa daga kunnenta. Fuskarta muke kallo. Da farko ta ƙanƙance ido kamar mai hangen wani daga nesa cikin rana. Sai leɓenta ya fara rawa. Sai ta yi murmushi, irin wanda ban taɓa gani a fuskarta ba, na yarinya. "Yaya," ta ce a hankali, ba da mu take ba. Kanta yana ɗan gyaɗawa. Carbin Baffa ya tsaya a hannunsa.

Minti biyu da wani abu, tsit-tsit ɗin ya ɗauke. Na san inda aka zo. Muttaka ma ya sani, don ya kifa fuskarsa a tafin hannunsa. Umma ta ɗaga hannu da sauri, na tsayar da waƙar.

Baffa ya gyara murya.

"To, an ji. Sharaɗina yana nan, ban janye ba. A ba shi ya goge."

Umma ta damƙe wayar da hannu biyu ta manna ta a ƙirjinta. Ba ta kalli Baffa ba, ba ta kalli Muttaka ba. Ni ta kalla, hawaye na bin kumatunta, ta san sarai abin da take riƙe da shi: gangar ɗan'uwanta, da kuma aurena.

"Auta," ta ce, "mayar mini da ita farko."